Galan Bakwai a Bayan Tagar Umma

Zuwa ga ɗiyata Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana shiga kai. Mu nan sai godiya. Ummanki, Yayata, jiki da sauƙi, kumburin ƙafar ya saɓe, ana ci gaba da wankin ƙodar sau biyu a mako. Antinki, uwargidana, tana gaishe ki. Ita ce za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo miki, tunda kin san ni da waya, daga "ya gida, ya aiki" na gama. Yatsun da suka tsufa suna zura zare a allura sun kasa danna waɗannan 'yan mitsi-mitsin haruffa.

To Malama, ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Motar da kika bar mana ta kwanta. Muna dawowa daga asibiti jar fitilar mai ta kama, kafin in samu gefen da zan tsaya injin ya yi wata ƙara kamar allura ta karye a cikin keke, sai tsit. Janwe ya kai ta kamfanin da kika saye ta. Sun ce inji ya buga. Kuɗin da suka faɗa ba zan rubuta ba, kada in hana ki barci. Ko na sayar da kekunan ɗinkina duka na haɗa da shagon ba su kai ba.

Na ce musu ai tana da garanti, kin faɗa min da saura. Yaron da ke teburin karɓar motoci, mai ladabi ne ba laifi, ya buɗe littafin sabis ya ga hatimi uku kacal, biyu na lokacinki, ɗaya nawa. Ya ce, "Baba, sauran fa?" Na ce sauran ni nake yi da hannuna.

Na san kin ce in riƙa kai ta kamfani. Na kai sau ɗaya, suka riƙe ta ta kwana a can, saura ƙiris Yaya ta rasa wanki. Daga ranar na ce mutumin da kullum sai ya ɗiga wa keke mai kafin ya karya kumallo, juyen baƙin mai ba zai gagare shi ba. Na sayi jak da sufana, na tsaya a kan wani bakanike har na ga yadda ake yi. Man da littafin ya ce shi nake saye, filta ma sabuwa kowane juye. Wallahi Malama ban taɓa bari lokaci ya wuce ba.

Yaron ya ce duk ya yarda, amma kamfani ba ya aiki da rantsuwa, sai da shaida: ranar da aka yi juye, lambar tafiyar da mota ta yi, da irin man. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, duk suna nan a rubuce. Kin san yadda nake rubuta awon mutane da alli a bangon shago. To haka nake yi wa motar a bangon tsakar gida, daidai inda nake ajiye ta. Sai da na dawo gida da saurina na tsaya gaban bangon sannan na tuna Antinki ta sa an shafe shi da koren fenti watan jiya. Har ni na yaba, na ce gida ya yi haske! Rasit kuwa, 'yar takardar da mai shagon mai ke ba ni, da ita nake goge sandar awon mai. Kada ki yi dariya, ni ban yi ba.

Da yaron ya duba lambar tafiyar ma sai ya riƙe baki, ya ce, "Baba, wannan tafiya haka, ai ko motar haya sai haka." Na ce masa kusan hakan ne, yaro, tun asuba muke kan hanya.

Sun ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo shaida, in ba haka ba gyara a kanmu. Ke da kika iya karatun irin takardun nan, ki duba mana ko da wata ƙofa. Yaya ba ta sani ba, na ce mata ɗan gyara ne. Don Allah kada ki faɗa mata a waya. Asibiti kuma muna lallaɓawa, kada ki damu.

Ban taɓa yi miki godiyar motar nan yadda ya kamata ba. Kin hana kanki kin bar mana ita, ta kuwa yi mana rana. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Tela

*

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na karanta har sau uku. Ina lafiya, sai sanyi da jarrabawa da ta matso. Na ji daɗin labarin ƙafar Umma. A gaishe min da Anti, a ce mata fentin ya yi kyau a hoto, ko da yake ya ci mana tarihi.

Kawu, kafin komai na gode. Da ba ka ɗauke Umma ka kai ta gidanka ba, da ban ga ko ƙofar makarantar nan ba. Mota ƙarfe ce. Tunda kai da Umma kun fito lafiya, sauran mai sauƙi ne.

Na nemo takardar garantin na bi ta layi-layi, kuma akwai ƙofa. Ba su ce dole sai su za su yi juye ba. Mutum yana iya yi da kansa, muddin zai nuna ya yi a kan lokaci kuma da man da ya dace. Saboda haka hannunka bai ɓata komai ba, shaida ce kawai babu. Ka je wurin mai shagon mai, ko yana ajiye kwafin rasit, ko ya rubuta maka takarda cewa a wurinsa kake saye. Ba za ta nuna rana da lamba ba, amma ta fi babu.

Sai abu na biyu, kuma ka yafe min, ban san yadda zan faɗe shi ya yi daɗi ba. Takardar ta ce idan aka yi haya da motar, garanti ya faɗi gaba ɗaya, ko da hatimi ɗari. Kai kuma ka ce wa ma'aikacinsu "kusan hakan ne". Kawu, asibitin Umma yana nan bayan kasuwa, ko da ƙafa ana zuwa. Anti ta turo min hoton lambar tafiyar, na zauna na yi lissafi ta kowace fuska, sau biyu a mako zuwa bayan kasuwa ba zai ba da ko rubu'in wannan ba.

Idan ɗinki ne ya ja baya har ka ɗan taɓa haya da asuba don a samu na cefane, wallahi ba zan ga laifinka ba. Kai ke ciyar da Umma, abin da nake turowa kuma na san bai taka kara ya karya ba. Amma ka faɗa min gaskiya, don in san abin da za mu ce wa kamfani, kada su gano da kansu mu ji kunya.

Ba zan faɗa wa Umma komai ba.

Ɗiyarka,
Malama

*

Kawu,

Barka da war haka. Ina fata kowa lafiya.

Yau kusan mako biyu ba amsa. Anti ta ce ta karanta maka, ka ce to, ka koma kan keke. In na kira sai ka ce "ga Ummanki" ka miƙa mata, ita kuma daga "lafiya lau" ba ta ƙara komai, muryarta kuma ba ta yi min ba, kamar mai haki. Ƙarshen wata yana matsowa.

In maganata ce ta ɓata maka rai, ka zage ni, ka fi ƙarfin haka a wurina. Shirun nan ne ba na iya ɗauka. Na kasa karatu, na zauna da littafi a buɗe ina kallon bango.

Ɗiyarka

*

Ke 'yar nan,

Ni ce, Ummanki. Ki yi haƙuri da rubutun, ciwo ya taɓa shi, amma shekarun da na yi ina koyar da yara rubutu ba su tafi a banza ba, za ki iya karantawa. Ina gaishe ki. Jikina ba zan ce miki lafiya lau ba yau, tunda ba waya ba ce kuma ba mai zaune kusa da ni yana zare min ido.

Na ga ƙanena ya daina cin abinci, ya zauna kan keke yana ɗinka hannun riga a inda wuya yake. Na tsare Antinki a kicin, ban bar ta ta fita ba sai da ta miƙo wayar. Na karanta tasa, na karanta naki biyu. Ashe gidan nan kowa ɓoye wa kowa yake yi! Shi ya ɓoye min garanti, ni na ɓoye miki asibiti, ke kuma kina can kina lissafi da rabin labari.

To saurara. Ba ki daɗe da tafiya ba injinan wanki na asibitin bayan kasuwa suka lalace, saura ɗaya, layi kuma har waje. Aka tura mu babban asibiti na wani gari, tafiyar kusan awa biyu. Ni na sa Kawunki ya yi min alkawari ba zai faɗa miki ba, don na san halinki, da kin tattara littattafai kin dawo. Tun daga lokacin, ranar wanki da asuba yake rufe ni da bargo a kujerar baya ya kama hanya. Shago a rufe kwana biyu kowane mako, masu ɗinki da yawa sun gaji sun koma wani wuri. Ina ciki ana wanki, shi yana cikin mota a inuwar bishiya yana sa maɓalli da kalmasa da hannu. Haya kika ce? E, haya yake yi. Fasinja ɗaya gare shi, ni ce, ban taɓa biya ba, sai ma faɗa da nake masa in ya faɗa rami.

Ban ce kin yi rashin kunya ba. Na karanta, da ladabi kika tambaya. Amma mutumin da ya yi abin da ya yi, a tambaye shi ko ya ci amana, ko da zuma aka shafa wa tambayar sai ta yi masa ɗaci. Ya kasa ba ki amsa ne don amsar tana cikin alkawarin da ya yi min. Na warware masa yau.

Tun da motar ta kwanta motocin haya muke shiga, hawa biyu zuwa, hawa biyu dawowa. Zuwa da sauƙi. Dawowa ce, bayan an wanke ni na zama kamar tsumma, a cusa ni tsakanin mutane da kaya. Makon jiya na ce ba zan iya ba, na ƙi zuwa sau ɗaya. Hakin da kika ji a waya shi ne sakamakon. Likita ya yi min tas, ya ce in na sake, ba shi zan gani ba. Saboda haka motar nan ba ƙarfe ba ce kawai kamar yadda kika rubuta, ki daina faɗa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shaidar da suke nema tana bayan tagata.

Duk ranar juye nakan sa a fito min da kujera tsakar gida in zauna ina kallonsa a ƙarƙashin mota, ƙafafu kawai a waje. In ya gama sai ya leƙa gaban direba ya ƙwala min lambar tafiyar, ya ce, "Yaya, riƙe min," ya tafi wanke hannu, don ba ya taɓa allinsa da baƙin mai. Wanke hannun Kawunki kuwa kin sani, sai ka ce mai shirin yin tiyata. In ya dawo ya ce, "Nawa na ce?" sai in faɗa masa tiryan-tiryan, ya rubuta a bango yana cewa kai, ƙwaƙwalwar Yaya ko ta 'yan makaranta albarka.

Wace ƙwaƙwalwa? Ciwon nan ya cinye ta, ko abin da na ci da safe ba na riƙewa. Galan ɗin man da ya juye yana gefena, don ni yake ba wa in yi shuka a ciki. Da ya juya baya sai in ciro makata, biron nan mai kaurin rubutu, daga bakin zanina in rubuta lambar a jikin galan. Kwanan wata kuwa dama sai na rubuta, tun ina kula da lambun makaranta ban taɓa shuka abu ban sa ranar shuka ba, kuma a ranar nake yanke bakin galan, a wanke shi tas, in zuba ƙasa. Sai in jera su a bayan taga, rubutun yana kallon bango don kada ya gani ya daina yabona. Yabon nan yana min daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Mai ciwo ba kullum ake ce masa ya iya wani abu ba.

Guda bakwai ne. Ɗazu na sa Antinki ta juyo su. Rana ba ta taɓa rubutun ba, yana nan raɗau, takardar kamfanin man ma tana manne da irin man a jiki. Na farko na'a-na'a ce a ciki. Ita na zaɓa don ba ta daɗewa take fitowa, lokacin kuwa ban sa rai zan ga abin da ya wuce wata biyu ba. Wannan ma ban taɓa faɗa miki ba. Sauran akwai albasa, akwai tumatir biyu, akwai barkono.

Ban nuna masa ba tukuna. Ki fara rubuto masa, ya ci abinci, sannan in ba shi mamaki. Kuma ki buɗe littafinki ki yi karatu, ba kallon bango aka tura ki ba.

Ummanki

*

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti. Umma ta rubuto min, na san komai.

Na rubuta takardar nan na yaga ban san sau nawa ba. Kawu, ka yafe min. Na zauna a ɗaki mai ɗumi na auna ka da lissafi, kai kuwa kana kan titi da asuba da uwata a kujerar baya. Lambar da na gani na tsorata, ashe kowace kilomita a cikinta Umma ka kai ka dawo da ita. Na sake duba hoton lambar na yi kuka har maƙwabciyar ɗakina ta buga ƙofa.

Ban san da bakin da zan gode maka ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka masu yi maka fiye da haka. Ba zan dawo ba sai na gama, tunda abin da kuka sha wahala dominsa ke nan, amma daga yau kada a sake ɓoye min komai, ko mai daɗi ko marar daɗi.

Yanzu ka ajiye takardar nan ka je ka ci abinci. In ka gama ka je wurin Umma, tana da abin da za ta nuna maka a bayan taga. Abin da za ka gani, ka haɗa shi da katin asibiti mai ranakun wanki, shi zai nuna musu inda tafiyar ta tafi, da takardar mai shagon mai in ya ba ka. Ka ɗauki hotonsu da kyau ka kai musu hotunan, ba sai ka wahalar da kanka da ɗauka ba.

Ɗiyarka mai neman afuwa,
Malama

*

Zuwa ga ɗiyata Malama,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Yaya ta murmure, hakin ya tafi. Antinki tana gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, wannan karon ba fushi ba ne, so na yi in rubuto miki labari da ƙarshensa.

Maganar yafiya, na yafe tun kafin ki nema. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba tunda kin ce a daina ɓoye-ɓoye. Amma da na huce na ga lissafinki daidai yake, labarin ne muka hana ki. A bar maganar.

Wadda ban yafe wa ba tukuna ita ce Ummanki. Shekara da rabi ina yawo ina faɗa wa mutane Yayata ciwo bai taɓa mata kai ba, har likita na faɗa wa! Ashe satar amsa take yi, tsohuwar malamar makaranta guda. Da ta juyo min galan ɗin nan na ga lambobina jere da rubutunta, sai na zauna a ƙasa. Ban san lokacin da hawaye ya zo ba, ita kuwa tana ta dariya har da riƙe ciki.

Kin ce in kai hotuna. Na kai. Yaron teburin ya ce hoto kowa yana iya haɗawa, shugabarsu za ta so ta ga abin da ido. Na dawo na ce wa Yaya za a zazzage ƙasar a kai galan. Ta ce duk wanda ya taɓa mata tumatir sai dai ya nemi wata yayar. Ƙarshe maƙwabcinmu mai sayar da katako ya ba mu motar kayansa, muka loda su yadda suke, da ƙasa da ganye da komai. Yaya ta ce ƙafarta ƙafar shukarta, ta sa mayafinta mai kyau ta shige gaba.

Malama, da kin ga wurin nan. Kin san shi, tayil kamar madubi, sanyi ko'ina, sababbin motoci suna ƙyalli. Muka shigo ni da mai katako muna jera galan a gaban tebur, ruwan shuka yana ɗiga, ƙamshin na'a-na'a ya cika ofis. Wani tumatir ya faɗo ya gangara ƙarƙashin wata sabuwar mota, mai gadi ya kwanta rub da ciki yana lalubo shi. Ni kunya kamar in nutse. Yaya kuwa ta samu kujera mai laushi ta harɗe, tana cewa a yi a hankali da na barkonon, fure yake yi.

Shugabar sashen gyara ta fito, mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ba ta yi dariya ba. Ta tsuguna ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana karanta rana da lamba tana rubutawa, tana duba irin man a jikin takardar. Ta karɓi katin asibiti ta daɗe tana kallo, ta tambayi nisan garin, ta danna lissafi a wayarta. Sannan ta ɗago ta dubi Yaya ta ce, "Mama, ke ce mai wankin?" Yaya ta ce, "Ni ce fasinjar." Daga nan ba wanda ya sake ta da maganar haya.

Ta faɗa min gaskiya, ta ce galan ba rasit ba ne, kuma ba ta taɓa tura irin wannan shaida sama ba. Amma tazarar juyen daidai take, man daidai ne, mai shagon ma ya rubuto cewa da filta nake haɗawa, saboda haka za ta sa a buɗe injin a kan kuɗinsu, shi zai raba gardama. In an samu dattin tsohon mai a ciki, ba ruwansu. Kwanakin da muka yi muna jira ban yi ɗinkin kirki ba.

Da suka kira ni, babban bakanikensu ya kai ni har kan injin. Cikinsa fes, Malama, babu daskararren mai ko kaɗan. Ya nuna min famfon mai, ya ce shi ne ya mutu, kuma daga ƙira ne, ba hannun kowa. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Rabon da in ji sanyi a raina irin na ranar har na manta.

Sun sa sabon inji, ba mu biya komai ba. Kafin a gama ma shugabar ta sa aka ba mu aron wata tsohuwar motarsu saboda ranakun wanki, abin da ban roƙa ba. Allah ya saka mata. Amma ta ja min kunne sosai. Ta ce in ci gaba da juyena in ina so, sai dai kowane karo in ajiye rasit, in ɗauki hoton lambar tafiya, in rubuta a littafin sabis da biro, don ba kullum za a samu mai tsugunawa ta karanta galan ba. Na ce na ji. Antinki ta ba ni gwangwanin alewa na saka rasit, ta ce kuma bangonta ya huta. Yaron teburin kuwa sai da ya biyo mu waje ya roƙi reshen na'a-na'a zai kai wa mahaifiyarsa.

Mun koma hanyarmu da asuba. Ki kwantar da hankalinki ki ci jarrabawa. Na gode da takardar garantin da kika bi layi-layi, don da ba ki ce akwai ƙofa ba, da tun ranar farko na haƙura.

Sabon inji ana yi masa juyen farko da wuri, jiya na yi. Na ajiye rasit, Antinki ta ɗauki hoto, na rubuta a littafi. Duk da haka da na leƙa gaban direba sai bakina ya ƙwala, "Yaya, riƙe min." Ta ciro makarta a gabana, ba kunya ba tsoro, ta rubuta a galan na takwas.

Da yamma na ga tana tura wani abu cikin ƙasar da yatsa. Na ce yau kuma me aka shuka, albasa ko tumatir? Ta buɗe hannu ta nuna min sauran, 'ya'yan lemo ne. Na ce Yaya, lemo fa sai ya shekara huɗu ko biyar kafin a ci. Ta ce ta sani, in kawo mata ruwa.

Kawunki,
Tela